Me Ya Sa Ɗan Dukawuya Yake Kukan Zafi a Italiya?

A watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano yakan taɓa digiri 40, wata rana ma ya haye. A birnin Milan da ke arewacin Italiya kuwa, ko a Yuli, lokacin da zafinsu ke kan ganiyarsa, abin da aka saba gani da rana digiri 30 ne zuwa 33. To me zai sa yaron da aka yanke wa cibiya a cikin ganuwar Kano, wanda ya tashi yana buga ƙwallo ba takalmi da tsakar ranar bazara, ya je can ya riƙa aiko wa iyayensa saƙo cewa zafi yana neman ganin bayansa?

Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a majalisarmu, wadda ke zama bayan la'asar a dakalin wani zaure kusa da Ƙofar Dukawuya, ta ɓangaren da ke kallon Kabuga. Yaron ɗan wani dattijon majalisar ne, yana aikin lodin kaya a wani sito a bayan garin Brescia, gabas da Milan. Ranar da uban ya kunna mana muryarsa a WhatsApp, ga abin da muka ji: "Baba, wallahi zafin garin nan ya fi na gida. Riga ba ta bushewa a jikina, dare ya yi ba barci, numfashi ma sai na yi da gaske. Ku sa ni a addu'a." Aka kwashe da dariya. Wani tela da ba ya barin ta kwana ya ce, "Alhaji, yaron nan ya ga Turawa suna kuka ne, shi ma ya ara ya yafa. Bakano da kukan zafi a Turai? Sai dai in kuɗin da bai aiko ba ne yake yi wa shimfiɗa."

Zargin farko ke nan: ko raki, ko wayo. Uban bai ja dogon musu ba. Ya tuna mana cewa kafin yaron ya tafi leburancin gini yake yi, kuma kowa a unguwa ya gan shi yana hawa tsani da kwanon siminti a ka, da azumi a bakinsa, a shekarun da Ramadan ya faɗo cikin bazara. Wanda ya jure wannan ba a yi masa shaidar raki.

Kuma kisan da zafi ke yi a Italiya ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Zafin da ya mamaye Turai a 2003 ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da 70,000, kuma Italiya tana sahun gaba a ƙasashen da suka yi asara. Wani bincike da mujallar Nature Medicine ta buga a 2023 ya ƙiyasta cewa a watannin zafi na 2022 mutum fiye da 61,000 ne zafi ya kashe a Turai, kimanin 18,000 daga cikinsu a Italiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawa. Tela ya ce ai tsofaffin Turawa ne waɗanda ba su san rana ba. Gaskiya ne akasarinsu tsofaffi ne. Amma a watan Yunin 2021 wani matashi ɗan Mali mai shekara 27 ya yanke jiki ya faɗi daga kan kekensa ya rasu, yana hanyar komawa masauki bayan ya yi aikin gona cikin rana a kusa da Brindisi, a jihar Puglia. Cikin 'yan kwanaki gwamnan jihar, Michele Emiliano, ya sa hannu a dokar da ta hana aikin gona daga ƙarfe 12:30 na rana zuwa 4:00 na yamma a duk ranar da zafi ya kai matakin haɗari. Ɗan Mali kuwa ba baƙon rana ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai zargi ya koma kan ma'auni. Wani ya ce wataƙila 33 ɗinsu ba irin 33 ɗinmu ba ce, tunda an ce Amurkawa ma da wani ma'auni daban suke aiki. A cikinmu akwai wani ɗalibin Jami'ar Bayero da kan yada zango a majalisar idan ya taso daga tsohon mazaunin jami'ar, shi ya kashe wannan magana. Ya ce ma'auni ɗaya Italiya da Nijeriya suke amfani da shi, wanda ruwa ke daskarewa a sifili ya tafasa a 100. Ya ƙara da cewa Italiya ta san zafi mai lamba babba: a ranar 11 ga Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a kusa da Siracusa, a tsibirin Sisili, kuma a 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa ba a taɓa auna wanda ya kai shi a nahiyar Turai ba. Sai dai tsakanin Siracusa da Brescia akwai tazarar kusan kilomita 1,000. A ranar da yaron ya aiko da kukansa, abin da waya ta nuna a Brescia digiri 33 ne, ba ƙari. Ma'auni bai yi ƙarya ba, yaro ma bai yi ƙarya ba. Ke nan akwai wani abu da ma'aunin ba ya gani.

Zato na uku ya fi na baya ƙarfi, kuma daga limamin masallacinmu ya fito. Ya tambaya, "Alhaji, ƙarfe nawa suke sallar magariba a can yanzu?" Uban ya ce yaron ya gaya masa sai bayan tara na dare. A Kano wunin da ya fi kowane tsawo a shekara bai cika awa 13 ba. A arewacin Italiya kuwa, a ƙarshen Yuni, rana takan yi kusan awa 15 da minti 40 a sama. Gini ya sha rana tun kafin shida na safe har tara na dare, isha'i ta kai wajen sha ɗaya, asuba ta sallamo wajen uku, ga aiki yana jira da safe. Ƙari a kan haka, mu a nan idan ɗaki ya ƙi shiguwa sai a ja tabarma zuwa tsakar gida ko ƙofar zaure. Shi kuwa yana can a ɗakin bene, da taga ɗaya, ba tsakar gida.

Wannan ya warware zancen rashin barci, amma bai warware duka ba. Ɗalibin ya nuna mana cewa daren Afrilu a Kano ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 24 ba, wato bai fi daren Brescia sanyi ba, sau da yawa ma ya fi shi ɗumi. Kuma tsawon wuni ba zai sa riga ta jiƙe sharkaf da hantsi ba, alhali rana ba ta daɗe da fitowa ba. Maganar rigar da ba ta bushewa ita ce ta tsaya mana a rai. Wa ya taɓa ganin rigar da ta ƙi bushewa a Kano a watan Maris?

Bakin zaren ya fito ne ta inda ba a zata ba, ta hanyar gaisuwa. Liman ya ce a tambayi yaron: idan mutanen can suka haɗu da safe, yaya suke tambayar juna labarin gari? Mu dai mukan ce yaya zafi, a ce lokacinsa ne; yaya ruwa, a ce ya yi gyara. Amsar da yaron ya aiko ta ba mu mamaki. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, su ba su cika damuwa da digiri nawa ne ba. Idan direba ya shigo sito daga waje, abin da ake tambayarsa shi ne 'C'è afa?' Haka nan idan mutum ya buga wa ɗan'uwansa waya a wani gari. Idan aka ce akwai, sai ka ga kowa ya ɓata rai." Ya ce ana furta tambayar "ce afa", kuma abin da ake nufi shi ne: akwai zafin nan mai laima, wanda iska ke tsayawa cik, jiki ya yi ta danƙo? Wani lokaci su ce "È umido oggi?", wato yau da laima? Tsofaffin matan da ke layi a gidan burodi kuwa ba su da wata magana sai "Che afa!" da kuma wata jimla da ya ce har ya haddace ta saboda yawan ji: "Non è il caldo, è l'umidità." Ba zafin ba ne, laimar ce.

Ɗalibin ya sake buɗe wayarsa, ya gangara ƙasa da babbar lambar da kowa ke kallo. Ga wata ƙaramar lamba da ba wanda ya kula da ita tun farko: laimar iska a Brescia, kashi 60 cikin 100. A Kano kuwa, a watan Maris da farkon Afrilu, wannan lamba da rana takan sauka ƙasa da kashi 20.

Nan take wani Alhaji da ya sha zuwa Umara ya buga cinya. Ya ce, "Jidda! Wallahi Jidda ce. Ka taso daga Madina rana tana ƙuna kamar me, amma haraminka a bushe. Ka sauka Jidda a bakin Bahar Maliya, lamba ta ragu, amma kafin ka ɗauki jakarka ka jiƙe." Direban tirela da ke cikinmu ya ce haka Apapa take a Legas, haka Fatakwal. Ashe kowa ya taɓa ɗanɗana abin, ba a dai haɗa shi da lissafi ba ne.

To amma ta yaya laima ke ƙara zafi, alhali ruwa sanyaya abu yake yi? Ladaninmu, wanda shi ke kula da randar ƙofar masallaci, shi ya kawo shaidar da ta buɗe wannan ƙulli. Ya ce shekara da shekaru yana lura: a hunturu da farkon bazara ruwan randa har haƙori yake kamawa, kuma jikin randar a waje kusan a bushe yake. Amma da damina ta kankama, musamman a marka, sai ka ga randar ta yi ta naso, gindinta ya jiƙe, ruwan cikinta kuma salam, ba wani sanyi, alhali garin ya fi Afrilu sauƙin rana nesa ba kusa ba.

Bayanin a fili yake ga wanda ya bi shi a hankali. Yumɓun randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa waje, iska ta kwashe shi ya zama tururi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi mai yawa, kuma daga jikin randar yake ɗaukarsa. Zafin da lita 1 ta ruwa ke ɗaukewa idan ta bushe ya ninka fiye da sau 5 wanda ake buƙata a ɗauko wannan lita daga sanyin ƙanƙara a kai ta tafasa. Don haka ba nason ne ke sanyaya randa ba, bushewar nason ce. A kan wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a Dutsen Jigawa, ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana tumatir da alayyahu ba lantarki, har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar tana aiki sosai a ƙasar Hausa saboda iskarmu ta rani a bushe take. Idan aka kai ta inda iska ta ƙoshi da ruwa, sanyinta sai ya ragu ƙwarai.

Jikin ɗan Adam haka yake. Cikinsa yana son ya zauna a wajen digiri 37, kuma idan gari ya yi zafi babbar hanyar da yake da ita ta fitar da zafin ita ce gumi. Gumin da ya bushe a fata shi ne ya yi aiki. Wanda ya gangaro ya ɗiga a ƙasa, ko ya tsaya a riga, asara ce kawai ta ruwa da gishiri. Ita kuma iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana ƙaruwa da ɗuminta. A ɗauki iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. A digiri 40 tana iya ɗaukar kimanin giram 51 na ruwa. Idan laimarta kashi 15 ce, giram 8 kawai take ɗauke da shi, saura wurin giram 43. A digiri 33 kuwa iyakarta kimanin giram 36 ne. Idan laimarta kashi 60 ce, ta riga ta ɗauki giram 21, saura wurin 15 kacal. Iskar Kano tana lashe gumi tun kafin mai shi ya gan shi. Iskar Brescia kuwa sai ta ga dama.

Masana sun mayar da wannan lissafi jadawali, bisa aikin da Robert Steadman ya wallafa a 1979, wanda ke haɗa zafi da laima ya fitar da abin da jiki ke ji a inuwa. Da ɗalibin ya saka lambobinmu, sai ga sakamako: digiri 40 da laima kashi 15, jiki yana jin kimanin 38. Digiri 33 da laima kashi 60, jiki yana jin kusan 40. Ashe yaron da gaskiyarsa. A irin wannan rana garin da ke da ƙaramar lamba shi ne ya fi gasa mutum. Shi ya sa masu hasashen yanayi a talabijin ɗin Italiya suke kawo lamba biyu, ta ma'auni da wadda jiki ke ji. Ma'aikatar lafiyarsu ma a watannin zafi takan fitar da sanarwa a kan birane 27, ciki har da Milan da Brescia, da mataki huɗu, daga kore zuwa ja. Idan aka ce gari ya samu "bollino rosso", wato jan tambari, ana nufin haɗarin ya shafi har matasa masu ƙoshin lafiya, ba tsofaffi da jarirai kaɗai ba.

Saura tambaya ɗaya, kuma tela ne ya jefo ta, don ba ya son ya sha kaye a banza: Jidda da Legas dai a bakin teku suke, to Brescia fa, da aka ce tana gindin duwatsu, ina ta samo laimar? Taswira ce ta amsa. Milan da Brescia suna cikin kwarin Kogin Po, kogi mafi tsawo a Italiya, mai kilomita 652. Duwatsun Alps sun tokare kwarin ta arewa da yamma, duwatsun Apennine sun tokare shi ta kudu, ƙofarsa ɗaya ce, ta gabas, kuma Tekun Adriatic ne a bakinta. Iska ba ta samun hanyar ratsawa, don haka yankin yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin kaɗawar iska a Turai. Ga manyan tafkuna, Garda da Como da Maggiore. Ga magudanan ban ruwa ko'ina. Ga gonakin shinkafa na Vercelli da Novara da Pavia da ake cika su da ruwa, domin Italiya ce kan gaba a noman shinkafa a Tarayyar Turai, kusan rabin abin da tarayyar ke nomawa daga can yake fitowa. Rana tana dukan wannan ruwa duka, tururi yana tashi, ba iskar da za ta kore shi. Da sanyi shi ne ke zama hazon da ya yi wa Milan suna. Da zafi kuma ya zama abin da suke tambayar juna a kansa kowace safiya.

Wani abin da ya ba majalisa dariya shi ne wanda Italiyawa ke ɗora wa laifi. Idan zafi ya tsananta, jaridunsu sukan kira shi "caldo africano", zafin Afirka. Kuma ba su yi ƙage ba. Iska mai zafi tana tasowa daga Sahara ta nufi arewa, a bushe, irin dai busasshiyar iskar hamadar da ke sauko mana da hunturu ta fasa leɓe da dunduniya. Amma kafin ta isa Italiya sai ta tsallake Bahar Rum, ta sha ruwa ta ƙoshi. Hamada ɗaya ce, mu ta aiko mana da ƙura, su ta aika musu da gumi, teku ne ya raba.

Hujja ta ƙarshe a gida take, ba sai an je Turai ba. Duk Bakano ya san cewa kwanakin da suka fi wahala ba na Maris ba ne, na ƙarshen Afrilu da Mayu ne, lokacin da iskar kudu maso yamma ta fara isowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima amma ruwa bai sauka ba. Hadari ya haɗu ya watse, iska ta ɗauke, ƙurajen zafi su feso wa yara, fanka ta yi ta juyawa ba ta da wani tasiri. Alamun laima kuma kowa ya san su: gishiri ya dunƙule, ashana ta ƙi kamawa, ƙyauren katako ya kumbura ya ƙi rufuwa, kayan fata su yi fumfuna, shanyar da ke bushewa kafin azahar ta kwana a igiya. Masu kilishi da masu shanya tumatir ba sa buƙatar waya kafin su san lokacin da iska ta juya. Abin da ɗan Dukawuya ya tarar a Brescia shi ne irin waɗannan kwanaki, amma a jere, mako bayan mako, da dogon wuni da gajeren dare.

Kada mai karatu ya fahimci cewa busasshen zafi ba shi da haɗari. Nasa makircin daban ne: gumi yana bushewa ba a gani, mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba, sai dai ya ga farin gishiri ya fito a wuyan rigarsa. A aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar alhazai fiye da 1,300. Kowane irin zafi da yadda yake kisa. Mai laima yana hana jiki sanyaya kansa, busasshe yana ƙarar da ruwan da jiki ke sanyaya kansa da shi.

Don haka mai ɗa ko ƙane a Italiya, ko Legas, ko Fatakwal, ko Jidda, idan ya ce zafi ya dame shi, kada a auna maganarsa da lambar Kano a ce raki ne. Jiki magayi. A gaya masa ya sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, ya sa tufafin auduga masu sakewa, ya nemi inuwa da wurin da iska ke ratsawa tsakanin azahar da la'asar. Idan ya ji jiri, ko amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko ya ga abokin aikinsa ya fara sambatu, a ajiye aiki nan take, a jiƙa jiki da ruwa, a nemi asibiti. Mu ma a nan, leburori da 'yan dako da masu tura kurar ruwa da masu azumi a bazara, idan za a duba waya ko a saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet, a duba lamba biyu: ta zafi da ta laima.